Bin Sawun Illar Makirufo da Kyamara Yayin Naɗar Bidiyo a Burauza

Ɗalibin da malaminsa ya umarce shi ya naɗi karatunsa ya aiko, da mai neman aikin da aka ce ya gabatar da kansa cikin bidiyon minti biyu kafin a kira shi ganawa, da malamar da ke son ta bar wa ɗalibanta bayanin darasi a shafin makaranta, dukkansu kan buɗe wani shafi a cikin Chrome ko Firefox ko Edge ko Safari, su danna maɓallin ɗauka, su jira ganin fuskarsu da jin muryarsu. Kuma sau da yawa abin da ke bayyana gare su shi ne baƙin allo, ko baki yana motsi babu sauti, ko wani gajeren saƙo na Turanci da ba ya warware musu komai. Galibin mutane in haka ta auku sai su yanke hukunci nan take cewa kyamara ta mutu, su kinkimi kwamfuta zuwa wurin mai gyara ko su sayo sabon makirufo, alhali kuwa na'urar lafiyarta ƙalau, illar tana can wani wuri da gyaransa ba ya cin ko kwabo. Abin da ya fi amfani ga mai naɗa shi ne ya san tartibin bincike, domin wanda ya san inda zai fara dubawa da inda zai bi na biyu ba zai ɓata dukiyarsa da natsuwarsa a kan zato ba.

Malaman hadisi, idan riwaya ta zo musu da alamar rauni, suna bin isnadinta ne mutum bayan mutum har su tsaya a kan wanda aka samu yankewa a wurinsa. Murya da hoto ma ta hannuwa biyar suke bi kafin su isa inda aka nufa: na'urar da ke ɗauka, sai waya da toshin da suka haɗa ta da kwamfuta, sai babbar manhajar da ke gudanar da kwamfutar ko wayar, wato Windows ko macOS ko Android ko iOS, sai burauza, sa'an nan shafin da ya nemi a naɗa. Kowane ɗayansu yana da ikon hanawa, kuma ba kasafai yake sanar da na gaba da shi dalili ba, shi ya sa shafin kan ce bai ga kyamara ba ko da kuwa tana nan a saman allo tana fuskantar mai ita.

Jarrabawar farko a wajen burauza ake yin ta. Mai Windows ya buɗe manhajar Camera ya ga ko fuskarsa za ta fito, ya buɗe manhajar naɗar murya da ke zuwa tare da kwamfutar ya yi sallama ya saurara; mai Mac ya gwada da Photo Booth da Voice Memos; mai waya ya ɗauki bidiyo da kyamarar wayar kamar yadda ya saba. In hoto da sauti sun fito a nan, to na'ura da wayarta sun kuɓuta daga tuhuma, sai a fuskanci izini da saiti. In ba su fito ba, babu fa'idar taɓa burauza tukuna. Kuma sharaɗi guda yana wajaba daga farko har ƙarshe: a sauya abu ɗaya tak, a sabunta shafi, a gwada, kafin a taɓa wani, domin wanda ya sauya abubuwa huɗu lokaci guda, ko da matsalar ta kau, ba zai san abin da ya kawar da ita ba, kuma ranar da ta dawo sai ya sake farawa daga tushe.

A fara da abin da ido ke gani. Kwamfutocin tafi-da-gidanka da yawa, musamman na Lenovo da HP na shekarun baya-bayan nan, suna da ɗan marfi mai zamewa a kan idon kyamara, siriri ƙwarai har mutum ya yi shekara da na'urarsa bai lura da shi ba. In an matsa kusa aka ga ɗigon ja ko zane-zanen fari a inda gilashi ya kamata ya kasance, marfin ne a rufe, sai a tura shi gefe da farce. Alamarsa ita ce 'yar fitilar kyamara tana haske amma allo baƙi ƙirin. Wasu kuma maɓalli ne da su a jerin madannai na sama, mai hoton kyamara ko makirufo da aka ja wa layi, wanda yaro ko gefen hannu kan danna ba da niyya ba. In fitilarsa tana ci, makirufo a kulle yake. Abin sawa a kunne ma sau da yawa yana da nasa makunnin a tsakiyar wayarsa.

Daga nan sai a zare toshin abin kunnen a dube shi da kyau a wurin haske, a ƙirga zobban baƙaƙe ko farare da suka kewaye ƙarfensa. Mai zobe biyu na saurare ne kawai, ba ya ɗauke da hanyar makirufo. Mai zobe uku shi ne wanda ya haɗa saurare da magana, kuma rami guda ake sa shi, irin na waya da kwamfutocin tafi-da-gidanka na yanzu. Kwamfutar tebur kuwa bisa al'ada ramuka biyu gare ta, kore na saurare da mai ruwan hoda na makirufo, saboda haka wanda ya cusa toshi mai zobe uku a koren rami zai ji komai sarai, amma shi ba mai jin sa, har sai ya samo 'yar wayar da ke raba toshi ɗaya gida biyu. Wannan kaɗai ya hana mutane masu yawa naɗa. Kyamarar USB kuma a haɗa ta kai tsaye da jikin kwamfuta, kada a bi da ita ta mahaɗar nan mai ramuka da yawa wadda ba ta da tata wutar, domin wutar da ke isa gare ta kan gaza, hoto ya riƙa zuwa yana ɗaukewa.

Batun izini shi ne ya fi kowane yawan aukuwa, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. A da, shafuka suna ɗaukar hoto da murya ne ta wata manhaja mai suna Flash, wadda kamfanin Adobe ya daina kula da ita a ƙarshen shekarar 2020. Yanzu burauza da kanta ke yin aikin, kuma an gindaya mata sharuɗɗa masu tsauri. Tun ƙarshen 2015 Chrome ba ya barin shafi ya nemi kyamara ko makirufo sai adireshinsa ya fara da https, sauran ma sun bi wannan hanya, saboda haka shafin da adireshinsa ya tsaya a http ba za a ma nuna wa wanda ya buɗe shi tambayar izini ba, kuma wannan gyaransa yana hannun masu shafin. Ni dai ina ganin waɗannan shingaye rahama ce. Kyamarar da ke cikin ɗakin mutum tana ganin iyalinsa da al'aurarsa, makirufo yana jin abin da ake faɗa a tsakar gida, kuma kiyaye sirrin gida wajibi ne da bai kamata a yi sakaci da shi don gaggawar minti biyu ba. Abin nema shi ne mutum ya san inda makullan suke, ya buɗe wa shafin da ya amince da shi, ya bar sauran a rufe.

Makulli na farko yana cikin babbar manhaja. A Windows ana shiga Settings, a nemi sashen Privacy, a buɗe Camera sa'an nan Microphone. Wanda na'urarsa ke Faransanci, kamar yadda aka saba a Nijar, zai ga Paramètres da Confidentialité. A nan akwai wani abu mai ruɗarwa da ya kamata a kiyaye: maɓallan ba ɗaya ba ne, akwai na sama da ke buɗe na'urar gaba ɗaya, akwai kuma wani can ƙasa da ya shafi manhajojin da aka sauke aka girka, waɗanda Chrome da Firefox ke cikinsu, don haka yana yiwuwa manhajar Camera ta nuna fuskar mutum lafiya lau amma burauza tana hane. A Mac, tun daga macOS Mojave ta 2018, kowace manhaja sai an ba ta izini da sunanta a sashen Privacy & Security, kuma bayan an ba da izinin sai an rufe burauzar gaba ɗaya an sake buɗe ta kafin ya yi aiki. A Android ana danna alamar Chrome a riƙe, a shiga bayanan manhajar, a duba izinin da aka ba ta. Tun daga Android 12 kuma akwai maɓallai biyu a cikin labulen da ake janyowa daga saman allo, waɗanda ke kashe kyamara da makirufo ga wayar baki ɗaya. Ɗigon kore ko ruwan lemo da ke fitowa a saman allon waya shaida ce cewa na'urar a buɗe take tana aiki.

Makulli na biyu na burauza ne, kuma kowane shafi da nasa. Lokacin da shafi ya fara neman kyamara, ɗan akwati kan fito yana tambaya a bari ko a hana, kuma mai gaggawa kan danna hani ko ya rufe akwatin bai karanta ba. In hani aka danna kuwa, sau da yawa burauza tana riƙe wannan amsa, ba ta sake tambaya. Chrome ma, in an rufe akwatin sau uku ba amsa, yakan toshe shafin da kansa na wani lokaci. Warware wannan abu ne mai sauƙi: a hagun adireshin shafi akwai 'yar alama, a da hoton kwado ce, tun 2023 Chrome ya mayar da ita hoton wasu 'yan layuka biyu masu ɗigo, a danna ta, a mayar da kyamara da makirufo kan bari, a sabunta shafin. Wanda ya buɗe mahaɗin daga cikin Facebook ko Instagram ko wata manhaja makamanciyarsu ya sani cewa ba cikakkiyar burauza yake ciki ba, kuma irin wannan taga sau da yawa ba ta miƙa kyamara. Ya kwafi adireshin ya buɗe shi a Chrome ko Safari kai tsaye. In duk wannan bai wadatar ba, a gwada shafin a tagar sirri, inda ƙananan manhajojin da ake liƙa wa burauza ba sa aiki sai an yarje musu, ko a wata burauzar daban, sa'an nan a duba manhajar tsaro irin su Kaspersky, domin wasunsu suna da nasu shingen a kan kyamara.

Saƙon kuskuren da shafi ke nunawa, ko da ya yi kama da shirme ga wanda bai saba ba, bayani ne mai daraja, a rubuta shi kafin a rufe. NotAllowedError na nufin an hana izini, a burauza ko a babbar manhaja. NotFoundError na nufin ba a ga na'urar ba sam, sai a koma ga toshi da maɓalli. NotReadableError kuwa na nufin na'urar tana nan, izini ma akwai, amma an kasa buɗe ta, kuma mafi yawan lokaci sababin shi ne wata manhaja ta riga ta riƙe ta. A Windows kyamara bisa al'ada manhaja ɗaya take yi wa hidima a lokaci guda, kuma Zoom ko Teams ko OBS, ko ma wani shafin da aka manta a buɗe a wata burauza, suna iya ci gaba da riƙe ta bayan an rufe tagarsu. A nemo su a kusurwar ƙasa ta dama kusa da agogo a fitar da su ɗungurungum, in an rasa mai laifin a kashe kwamfutar a kunna.

Akwai kuma halin da komai ya buɗe amma burauza ta zaɓi na'urar da ba ita ake nufi ba. Kwamfuta ɗaya tana iya ɗauke da makirufo uku, na jikinta da na abin kunne da na kyamarar USB, har da kyamarar ƙarya da manhajoji irin su OBS ke ƙirƙira, wadda sau da yawa ba ta nuna komai sai tambarinta. A buɗe jerin na'urori a shafin naɗar, ko a saitin burauza, a zaɓi wadda ake so da sunanta, sa'an nan a ƙwanƙwasa ta a hankali da yatsa ana duban ma'aunin sauti: in ma'aunin bai yi tsalle ba, wata ce ke saurare. Abin kunne na bulutut yana da tasa illar ta musamman, domin da zarar an buɗe makirufonsa yakan sauka daga yanayin sauraren sauti mai kyau zuwa yanayin kiran waya, inda ake gutsuro murya sau 8,000 ko 16,000 a daƙiƙa maimakon 44,100 ko 48,000, sai muryar ta fito a shaƙe. Abin kunne mai waya, ko da mai araha ne, ya fi shi dacewa da naɗa.

Idan sauti ya samu amma ba shi da daɗin ji, nisa ne abin dubawa na farko. Makirufo ya kasance kimanin taƙi ɗaya daga baki, a ɗan karkace gefe don kada iskar haruffa irin su fa da ba ta riƙa bugunsa. A saitin sauti a daidaita ƙarfin shigar murya yadda ma'auni zai kai wajen kashi biyu bisa uku in an ɗaga murya, kada ya cika ya bugi ƙarshe, gama muryar da ta yi ƙasa ana iya ɗaga ta daga baya, amma wadda ta fashe babu mai gyara ta. Ɗakin siminti mara kaya yana mayar da amo; darduma da labule da katifa suna shanye shi. A kashe fanka na tsawon naɗar, a zaɓi ɗakin da ya fi nisa da janareto. In kuma ana jin wani gurnani mara yankewa a ƙarƙashin murya, a zare cajar kwamfuta daga bango a sake gwadawa: in ya ɓace, daga caja ko wayoyin wutar gidan yake shigowa, sai a cika batir tukuna a naɗa da shi.

Mai naɗar ƙira'a ko waƙe yana da wani abin lura da mai jawabi ba shi da shi. Burauza, in shafi bai ce a'a ba, tana tace sauti da kanta ta hanyoyi uku: tana kashe amsa-kuwwa, tana danne hayaniya, tana ɗaga murya da sauke ta gwargwadon ganinta. An tsara waɗannan ne don hirar mutum biyu, kuma a nan suna da amfani ƙwarai. Amma sautin da aka ja shi ya daɗe a kan murya ɗaya, kamar maddi mai tsawo ko gunna, tacewar tana iya ɗaukarsa hayaniya ta raunana shi a tsakiya, sai malamin da ke saurare ya zaci ɗalibi ne ya gajarta abin da bai gajarta ba, ya yi masa gyara a inda babu kuskure. Wannan zalunci ne ga ɗalibi mai ƙoƙari, ko da ba wanda ya nufe shi. In shafin ya ba da damar kashe tacewar a kashe ta, a sa abin kunne don kada lasifika ta mayar da sauti cikin makirufo; in bai bayar ba, gara a naɗa da manhajar naɗar murya ta waya a ɗora fayil ɗin, matuƙar shafin yana karɓa.

Hoto kuwa galibin illarsa haske ne. Wanda ya zauna taga tana bayansa, kyamara za ta auna hasken tagar ta bar fuskarsa cikin duhu, kuma abin ya fi tsanani ga mai duhun fata. Ya juya ya fuskanci tagar, ko ya sa fitila a gabansa ɗan sama da ido. A goge gilashin kyamara da ƙyalle mai laushi, musamman lokacin hunturu da ƙura ke kwanciya a kan komai. Ratsi-ratsin duhu da ke gangarowa a hoto a ƙarƙashin fitilar lantarki sababinsu saɓanin ƙidaya ne: wutar Nijeriya da Nijar da Ghana tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka sau 60, kuma kyamarar da aka saita wa 60 ba ta jituwa da fitilar da ke bin 50, sai a sauya lambar a manhajar kyamarar, ko a koma hasken rana. Rubutun da ya bayyana a juye yayin ɗauka kada ya tayar da hankali, mafi yawan shafuka hoton da suke nuna wa mai ɗauka a allo kawai suke juyawa. In baki da murya ba sa tafiya tare, ko hoto yana sarƙewa, kwamfutar ce ta yi nauyi: a rufe sauran shafuka, a sauke girman hoto zuwa 720, wanda ya wadatar ga fuska da jawabi.

Kafin naɗar gaske a yi ta gwaji ta daƙiƙa goma a saurare ta har ƙarshe. Bayan an gama kuma kada a rufe shafi ko a bar allon waya ya mutu har sai an ga shaidar ya gama lodawa, domin a shafuka da yawa bidiyon yana zaune ne a ƙwaƙwalwar burauza ta wucin gadi, rufe shafin kuwa goge shi ne. In akwai maɓallin saukewa a ajiye kwafi tun kafin a aika, musamman inda intanet ke yawan yankewa. Fayil ɗin da Chrome da Firefox ke fitarwa yawanci WebM ne, tsarin da Google ya fito da shi a 2010, na Safari kuwa yawanci MP4, kuma Safari ya makara wajen fara naɗa kai tsaye, don haka tsohuwar iPhone da ba a sabunta ba tana iya kasawa. In WebM ya ƙi buɗewa, ko ya buɗe bai nuna tsawonsa ba, ba lalacewa ya yi ba, manhajar VLC tana kunna shi.

Sai an bi duk wannan ne zuwa wurin mai gyara ke zama hujja. In manhajar Camera ba ta ga komai ba, Device Manager na Windows ma bai lissafa kyamara ba bayan an kashe an kunna an kuma sabunta direbanta, amma kyamarar USB da aka aro ta yi aiki a kwamfutar, to mai yiwuwa siririyar wayar da ke bi ta mahaɗar murfin kwamfutar zuwa saman allo ce ta tsinke ko ta zame, kuma alamarta ita ce hoto ya zo ya tafi in ana motsa murfin. A gaya wa mai gyara wannan filla-filla don kada ya fara da goge kwamfutar baki ɗaya, a kuma kwashe hotuna da takardun sirri kafin a miƙa masa. In kuwa na'ura tana aiki ko'ina sai a shafi ɗaya tak, illar ta masu shafin ce, sai a rubuta musu sunan burauza da lambar fitowarta da irin kwamfutar ko wayar da ainihin saƙon kuskuren da ya fito, a kuma nemi su karɓi fayil ɗin da aka naɗa a waje kafin wa'adi ya cika.